Na Riƙe Wutsiyar Gunya

Litinin, 3 ga Yuli, 2006, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Matata Martina ta ajiye mini tuwo, na ce sai na gama rubutu. Ta ce to, in ci rubutun in ƙoshi.

Bari in sa komai daki-daki, don na san wata rana za a tambaye ni. Shekara ashirin da uku ina aiki a gonar binciken dabbobi a nan Samaru. Ni ba likita ba ne. Ni ke kula da na'urar hoton ciki, ni ke awo, ni ke rubutawa a littafi. Mutum ɗaya ne a duniya ke kirana Likita, Malam Uba na Jushi, mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari. Tun muna samari yake tsokanata da sunan har ya bi ni.

Shi ne mai Gunya, goɗiya 'yar shekara goma sha tara. A watan jiya Akawal ya hau ta, ingarman ɗansa Umar Farouk, wanda ya rasu bara a hatsarin mota a hanyar Kaduna. Kwana tara da hawan, ciwon ciki ya kayar da Akawal, bai tashi ba. Abin da ya rage wa Malam Uba na ɗansa da dokin ɗansa yana cikin Gunya. Ya sa ta a mota ya kawo mini, ya ce, "Likita, ga amana. Ka duba mini ita kullum."

Na kuwa duba. A kwanakin farko ɗan tayin doki ƙwallon ruwa ne kawai, a allon na'ura baƙin zobe kake gani. Ranar Juma'a, kwana goma sha ɗaya da hawan, na same shi milimita biyar. Asabar takwas. Jiya bayan coci sha ɗaya. Yau da safe sha huɗu.

Sai ga Dokta Henry, likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa, jiya ya dawo daga taro a ƙasar waje, da ɗalibai shida a bayansa. Malam Uba ma ya zo. Dokta ya karɓi na'urar daga hannuna, ya zura hannu, sai ga zobe biyu a allo: ƙaramin, da wani babba mai milimita sha takwas a gindin ɓangaren hagu na mahaifa.

"Tagwaye!" in ji shi. "Ku matso ku gani, kun yi sa'a yau."

Ya yi musu bayani, kuma bayanin daidai ne. Goɗiya ba ta iya ɗaukar biyu, yawanci duka take ɓararwa. Shi ya sa ake matse ɗaya da yatsa tun yana ruwa, a bar ɗaya. Ya ce za a bar babban, a matse ƙaramin.

Na ce, "Dokta, wannan na hagun..."

Ko juyowa bai yi ba. "Mista Sebastian, riƙe mana wutsiyar nan don Allah, tana marina da ita."

Ɗaliban suka yi dariya. Na riƙe wutsiya.

Ko minti ɗaya ba a yi ba. Ƙaramin zoben ya lotse, ya baje, ya ɓace. Ɗalibai suka tafa. Malam Uba yana bakin ƙofa yana ta hamdala, yana sa wa Dokta albarka.

Tuwon ya huce.

Talata, 4 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Sha takwas. Yana nan inda yake jiya.

Laraba, 5 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Sha takwas. Wuri ɗaya.

Mai rai ba ya haka. Na auna ɗaruruwa, na san halinsu. Kullum sai ya ƙara milimita uku ko huɗu, don ruwa yake ja yana cika kansa. Kuma ba ya zama, yau yana dama, an jima yana hagu, yana yawo a cikin uwar har wajen kwana goma sha shida kafin ya kafe. Wannan kuwa ya zauna daram kamar an buga shi da ƙusa.

Martina tana yanka kabeji ta tambaye ni wai me Dokta yake nema ne a cikin dawakin nan shekara uku. Na ce yadda ruwa ke taruwa a cikin tayin yake bincike. Na ce mata, ai kin san in kika barbaɗa wa kabejin nan gishiri, ruwa ke fitowa ya bi gishirin. To na doki, ruwan da ke cikinsa bai kai na jikin uwar gishiri ba, amma duk da haka shiga yake yi, yana ƙaruwa. Ya ƙi bin ƙa'ida, shi ne abin da ya ɗaure wa masana kai.

Ta ce, "Ashe akwai mai iya ƙin bin ƙa'ida a wurin aikinku."

Ban gaya mata komai ba tukuna. Amma matar nan shekara ashirin da shida tana karanta fuskata.

Alhamis, 6 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Sha takwas.

Juma'a, 7 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Na shiga ofishinsa. Na tsaya, bai ce in zauna ba, yana danna kwamfuta.

Na ce, "Dokta, abin da ke cikin Gunya ba ya girma. Kwana biyar yana sha takwas. Ina jin bororo ne."

Tsofaffin goɗiyoyi sukan yi bororon ruwa a bangon mahaifa. A allo shi ma baƙin zobe ne, sak ɗan tayi. Bambancin kawai shi ba ya girma, ba ya motsi.

Ya cire tabarau. "Mista Sebastian, ka manta daga kwana sha bakwai zuwa wajen ashirin da biyar faɗinsu kusan tsayawa yake yi? Kowane littafi ya faɗa."

Ban manta ba. Amma a milimita ashirin da wani abu suke tsayawa, ba a sha takwas ba, kuma wannan tun kwana sha huɗu yake tsaye. Na faɗa masa. Ya ce uwar ta tsufa, kuma an matse ɗan'uwansa, dole ya yi jinkiri. A jira kwana ashirin da biyar, za mu ga bugun zuciya.

Yaron nan fa! Ni na koya masa yadda ake zura hannu a cikin goɗiya ba a ji mata ciwo ba. Ranar farko amai ya yi a bayan barga, ni na ba shi ruwa ya kurkure baki. Lokacin Baba Sebastian nake. Ya je ƙasar waje shekara huɗu, ya dawo na zama Mista. Wallahi duk sanda ya ce Mistan nan ji nake kamar ya watsa mini ruwan wanki.

Asabar, 8 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Sha takwas. Gunya tana cin harawa ko a jikinta.

Lahadi, 9 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Mun dawo daga coci muka tarar da Malam Uba a ƙofar gida a kan mashin, da kwarya cike da ƙwan zabi an shimfiɗa musu ƙaiƙayi.

"Likita bokan dawaki! Uwargida Kaltume ta ce a kawo wa Maman Edith." Martina yake nufi, Edith 'yarmu ce.

Ya zauna a kujerar roba yana ta zuba. Ya fara gyara bargar Akawal, ya ce zai ɗaga rufin, ya canja turke. Ya ƙirga da yatsu, wata goma sha ɗaya, haihuwar za ta faɗo a watan Mayu, farkon ruwa, ga ɗanyar ciyawa. In namiji ne baƙi kamar ubansa, ya ce ba zai iya kallonsa ba sai ya yi kuka. Ya yi dariya, ya goge ido da hannun riga.

"Yana girma dai ko?"

Na ce, "Muna dubawa, Malam."

Bayan ya tafi na gaya wa Martina. Na ce Dokta ya matse na gaske ya bar bororo. Ta daɗe tana kallon kwaryar.

"Baban Edith, kai kana ina lokacin?"

Na ce ina wurin.

Ta ɗauki kwaryar ta ɗora a kan kabad, can sama. Ta ce ita ba za ta dafa ba, in ina so in dafa da kaina.

Litinin, 10 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Kwana ashirin da ɗaya. An kawo ingarma kusa da Gunya don a ga ko za ta nemi namiji. In babu ciki, war haka ya kamata ta nema. Ta kwantar da kunne, ta kai masa harbi.

Dokta ya dube ni a gaban ɗalibai ya ɗaga gira.

Na san dalili. In an kashe tayin bayan jikin uwa ya riga ya san da shi, jikin yakan ci gaba da zaton akwai ciki har makonni. Na sani sarai. Amma Allah ya gani, da na ga harbin nan sai da zuciyata ta yi tsalle. Na ce ya Ubangiji, ka sa ni ne jahilin. Ka sa ya yi mini dariya har ranar da zan yi ritaya, na yarda.

Da rana na sake dubawa. Sha takwas.

Talata, 11 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Haka dai.

Laraba, 12 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na gaji da zagaye-zagaye, bari in rubuta.

Shafi na arba'in da ɗaya a littafin awona. Ranar 22 ga Mayu, kafin ma Akawal ya hau ta, Malam Uba ya kawo Gunya na duba ko mahaifarta na da lafiya. Na zana mahaifar da fensir kamar yadda nake yi wa kowace tsohuwar goɗiya. A gindin hagu na yi zobe, na rubuta: bororo, 18.

Ba zato nake ba ranar Litinin ɗin nan. Sani na yi. Littafin yana aljihun rigar aikina, ina jin nauyinsa a ƙirjina. Hannun dama kawai zan sa in ciro in buɗe. Hannun dama yana riƙe da wutsiya.

Me ya hana? Ɗalibai shida. Baƙo a bakin ƙofa. Haka muka tashi, haka aka horar da mu a wurin nan: ba ka gyara wa likita a gaban ɗalibai, ba ka kunyata shugabanka a gaban mai dabba. Ka bari sai an watse, ka same shi a ofis, ka ce ranka ya daɗe, ko za a sake dubawa. Shekara ashirin da uku haka nake yi, har yabona ake, wai Sebastian ya san girman mutane. Na ce a raina zai gama bayani tukuna, zai ce a kawo allura, zan samu in ja shi gefe. Bai nemi allura ba. Yatsa biyu ne kawai.

Kwana tara ina zaginsa a littafin nan. Shi bai sani ba. Ni na sani.

Juma'a, 14 ga Yuli, ƙarfe sha biyu na rana

Kwana ashirin da biyar. Yau Dokta bai zo da ɗalibai ba.

Ya daɗe yana dubawa. Ya juya na'ura hagu, ya juya dama, ya ce in ƙara haske, ya ce in rage. Baƙin zobe wayam, babu ɗigon komai a ciki, balle bugun zuciya. Aka ɗauke wuta, muka jira janareto, ya sake dubawa. Zufa ta jiƙa masa kwala.

Muka koma ofis. Wannan karon ya ce in zauna. Na buɗe masa shafi na arba'in da ɗaya.

Ya kalli zanen, ya kalli kwanan watan. Ya ce, "Kana da wannan, ka tsaya kana kallona?"

"Na fara magana, ka ce in riƙe wutsiya."

"Ka fara! Haba, Mista Sebastian. Aikin wa ne ya ajiye wa likita taswirar mahaifa kafin a taɓa dabba?"

Nawa ne. A rubuce yake a jikin bango, ni ma na manna takardar.

Ya sassauta murya. Ya ce ba amfanin tone-tone. Tsohuwar goɗiya ce, kuma kowa ya san in an matse tagwai ɗaya, ɗayan yakan bi shi. A ce wa Malam Uba cikin ya narke da kansa. Ba wanda zai yi musu, har wani likitan in ya ji zai ce haka ne. Mutumin ya huta, mu ma mu huta.

Ban ce e ba. Ban ce a'a ba. Na iya wannan sosai.

Asabar, 15 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Martina ta aike ni Sabon Gari sayen manja da busasshen kifi. Layin 'yan hatsi ne hanya mafi kusa. Na zagaya ta bayan 'yan katako, cikin taɓo har idon sawu, ni da furfurata, kamar ɓarawon akuya. Wata mai kifi ta bi ni da kallo tana tambayar ko wani ke kora ta.

A Palladan ruwa ya tare ni, na fake a rumfar mai faci. Na dawo jiƙe, manjan ya zube a buhu.

Ƙwan zabin na nan a kan kabad.

Litinin, 17 ga Yuli, ƙarfe ɗaya na rana

Dokta ya kira Malam Uba, ya gaya masa a ƙarƙashin dalbejiyar bakin barga. Ya iya magana, ba laifi. Ya ce an yi iya ƙoƙari, tsufa ne, jikinta ya kasa riƙewa. Ina tsaye a gefe da bokiti a hannu, ban ma san abin da zan yi da bokitin ba.

Malam Uba ya yi salati. Ya ce haka Allah ya so. Ya gode wa Dokta, ya gode mini. Ya shiga wurin Gunya ya dafa wuyanta ya daɗe. Da zai hau mashin sai da ya taka sau huɗu bai tashi ba.

An ce a bar ta nan mako guda ta huta.

Talata, 18 ga Yuli, ƙarfe tara na safe

Ba wanda ya ce in auna. Na auna. Sha takwas.

Alhamis, 20 ga Yuli, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Martina ta je Jushi yi wa Kaltume jaje. Ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina.

Malam Uba kwana uku bai fita kasuwa ba. Ba ya cin abinci. Ashe ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan matsewar, ya zo gona da rana ba na nan, ya ba Gunya jiƙon kanwa a ɓoye, irin yadda mahaifinsa ke ba dawaki. Dokta ya riga ya ce kada a ba ta komai daga waje. Yanzu ya ƙulla a ransa kanwar ce ta zubar da cikin. Yana ta faɗa wa Kaltume, shi ya ba Umar Farouk makullin mota ranar nan, yanzu kuma shi ya kashe ɗan dokinsa da hannunsa.

Ranar Asabar ɗin, kwana biyar ke nan babu komai a cikin Gunya sai bororo. Ko buhun kanwa ya ba ta, ba abin da zai zube.

"To, Baban Edith," in ji Martina. "Ka ji hutun da kuka ba shi."

Na daka mata tsawa, na ce ta ƙyale ni, ita me ta sani a aikin gwamnati, shekara biyu ya rage mini in yi ritaya. Ta ce ba ta san aikin gwamnati ba, amma ta san wanda ya ɗauki gawar babana a motar hatsinsa ya kai Wusasa. Ta shige ɗaki.

Juma'a, 21 ga Yuli, ƙarfe goma na safe

Na ce wa Dokta zan gaya wa Malam Uba gaskiya. Ya ce in na yi, sunana ne zai fara fitowa, ba nasa ba. Na ce na sani. Ya ce, "To me ka ƙaru da shi?" Na fita.

Asabar, 22 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na je Jushi bayan la'asar.

Yana zaure a kan buzu, ya rame, gemu duk ya hargitse. Ta ƙofar ciki ina hango sabon kwanon da ya sa a bargar, rabi an buga, rabi yana jingine.

"Likita, ka zo yi mini faɗan kanwa ko? Yi, na cancanta."

Na ce, "Malam, kanwarka ba ta kashe komai ba."

Na zauna na buɗe littafin a gabansa. Mutum ne mai awo, ya san lamba. Na nuna masa biyar, takwas, sha ɗaya, sha huɗu. Na ce wannan shi ne ɗan Akawal, kullum yana shan ruwa yana girma, lafiyarsa ƙalau. Na nuna masa layin sha takwas, sha takwas, har ƙasan shafi. Na ce wannan bororo ne, ba a taɓa yin tagwaye ba. Wanda aka matse a gabanka kana hamdala, shi ne.

Ya sa yatsa a kan sha huɗun, bai ɗauke ba.

"Kuskure ne ke nan. Dokta bai sani ba."

"Bai sani ba."

Da na tsaya a nan, da ya yafe wa kowa, na ga alama a fuskarsa. Na juya baya zuwa shafi na arba'in da ɗaya. Ya karanta kwanan watan da kansa, a hankali.

"Wannan rubutunka ne."

"Nawa ne."

"Tun watan Mayu."

"E."

"Ranar nan ina bakin ƙofa, ban ga ciki sosai ba. Kai kana ina?"

"Ina bayanta."

"Kana me?"

"Ina riƙe da wutsiya."

Na yi masa bayanin ɗalibai, da ƙa'idar wurin aiki, da yadda ba a gyara wa likita a gaban baƙo. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke wari a bakina. Ya bari har na gama.

"Ni ne baƙon?" ya ce. "Don kada a ji kunya a gabana?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Ni ban san Dokta ba. Ko sunan babansa ban sani ba. Kai na kawo wa ita."

Ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce ya gode da na cire masa maganar kanwa, yau zai iya cin abinci. Ya ce ranar Litinin zai aiko mota a ɗauki Gunya.

Shekara talatin in na zo gidan nan sai ya raka ni har bakin titi, mu tsaya a wurin mai rake mu ƙara rabin awa muna gardamar banza. Yau ya miƙe, ya tsaya a ƙofar zaure.

"Ka gaida gida, Sebastian."

Lahadi, 23 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Martina ta sauko da kwaryar. Duk sun lalace. Ta haƙa rami a bayan gida ta binne, ta wanke kwaryar ta kife. Ta zuba mini abinci da kanta, ta zauna kusa da ni har na ci.

Litinin, 24 ga Yuli, ƙarfe sha ɗaya na safe

An zo an ɗauki Gunya. Direba kaɗai.

Laraba, 26 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Yau Dokta ya zo da ɗalibai, har da biyu daga cikin na ranar nan. Akwai goɗiyoyin bincike da ake wanko tayinsu a kwana goma sha biyu don a auna gishirin ruwan ciki. Ya sa aka shigo da ja mai lamba bakwai, ya fara sa safar hannu yana bayani. Ba ita ba ce. Ita kwananta tara, ta takwas ce ta kai.

Ba wani abu ba ne babba. Da an yi, asarar awo ɗaya ce, wata mai zuwa a sake. Amma ban san sanda bakina ya buɗe ba, da ƙarfi ma, har wata ɗaliba ta firgita.

"Dokta, ba wannan ba ce. Ta takwas ce. Ga littafi."

Na tsaya ina jiran abin da na shekara ashirin da uku ina tsoro.

Ya karɓi littafin, ya duba, ya gyaɗa kai.

"Haka ne. Na gode, Baba. Ku mayar da ita ku kawo ta takwas."

Shi ke nan. Ɗaliban ko kallona ba su sake yi ba, ɗaya ma hamma yake. Aka kawo ta takwas, aka ci gaba da aiki.

Na ce zan je in wanke hannu. Na zagaya bayan barga, inda turken Gunya yake, na zauna a kan bokiti. Har aka tashi ban koma ba.